Littafin Hausa Mai Saye Ya Rasa, Ba Mai Karatu Ba

Duk taron da aka yi kan littafi a Arewa, na ƙaddamarwa ne ko na ƙungiyar marubuta, da wuya a tashi ba a ji wani ya ce Bahaushe ya daina karatu ba. Da wannan magana ake fassara komai: raguwar shagunan littattafan hikaya a Kano da Zariya da Kaduna, komawar maɗaba'u ga buga fastar 'yan siyasa da katin biki da kalanda, da shirun da kamfanonin wallafa suka yi. Maganar tana da daɗin faɗa, domin tana ɗora laifi a kan wanda ba ya wurin, wato mai karatu, ta wanke duk wanda ke zaune a babban teburi. Amma ba gaskiya ba ce. Wanda ya leƙa zaurukan WhatsApp da Telegram da shafukan Wattpad zai tarar da ɗimbin mata da matasa suna bin dogayen labarai, suna ɗokin fitowar kashi na gaba kamar yadda iyayensu suka yi ɗokin littafi na biyu da na uku a shekarun 1990, wasu har sai sun tura kuɗi ta banki ko katin waya kafin a saka su a zauren. Mutanen da suka daina karatu ba sa yin haka. Abin da littafin Hausa na takarda ya rasa shi ne tabbataccen mai saye, wanda marubuci da mai maɗaba'a da mai shago za su san yana nan tun kafin a sayi rim ɗin takarda na farko. In ba a samar da wannan mai sayen ba, duk wa'azin da ake yi kan muhimmancin karatu ɓata yawu ne. Samar da shi kuwa bai fi ƙarfinmu ba.

Tarihin littafin boko na Hausa shi ne hujjar farko. Littattafan da muke alfahari da su ba kasuwa ce ta haife su ba. A 1933 Rupert East, wanda ke jagorantar ofishin talifi na gwamnati a Zariya, ya shirya gasar rubuta ƙagaggun labarai, aka samu Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, da Ganɗoki na Bello Kagara, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, da Jiki Magayi wanda John Tafida ya rubuta tare da East. Ba don an hango ciniki aka buga su ba. An buga su ne saboda makarantun gwamnati da na En'e suna yaye yaran da suka iya karatu, ba su kuma da abin karantawa. Haka Magana Jari Ce, wanda tun asali don 'yan makaranta aka nemi Imam ya rubuta shi. Jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fitowa a Janairun 1939, Kamfanin Gaskiya ya kafu a 1945, sai hukumar NORLA ta zo a farkon shekarun 1950 tana ciyar da azuzuwan Yaƙi da Jahilci da ƙananan littattafai da jaridun larduna irin su Sodangi ta Kano da Himma ta Katsina da Zaruma ta Sakkwato. A duk wannan zamani mai sayen sananne ne, makaranta ce da ajin manya da ofishin En'e. Ko kamfanin NNPC na Zariya, wanda aka kafa a 1966 da haɗin gwiwar Macmillan, ya rayu ne a kan littattafan da manhaja ta tilasta a saya, ribarsu ce ke ɗaukar nauyin waƙoƙi da wasannin kwaikwayo da sauran abin da ba ya saurin ƙarewa a kanta.

Da wannan mai saye ya janye, abin da ya biyo baya ba ɓoyayye ba ne. An rufe NORLA a 1959 saboda kuɗin tafiyar da ita ya gaza. NNPC ya kai har 1980 yana iya fito da sababbin marubuta ta hanyar gasa, a nan ne aka samu So Aljannar Duniya na Hafsat Abdulwaheed da Mallakin Zuciyata na Sulaiman Ibrahim Katsina da Amadi Na Malam Amah na Magaji Ɗambatta. Gasar da gwamnatin tarayya ta shirya a farkon shekarun 1980 ta ƙara Turmin Danya da Ƙarshen Alewa Ƙasa da Tsumangiyar Kan Hanya. Daga nan kuɗin mai ya karye, shirin tsuke bakin aljihu na 1986 ya zubar da darajar naira, gwamnatocin jihohi suka daina sayen littafi a tsanake, manyan kamfanonin wallafa suka koma maimaita bugun tsofaffin littattafan jarrabawa. Ba wanda ya ce a lokacin mutane sun daina karatu, domin a daidai wannan lokaci ne karatun Hausa ya yi bunƙasar da bai taɓa yi ba.

Yaran da suka shiga firamare a ƙarƙashin shirin ilimi kyauta na 1976 sun girma, suna son labarin da ya yi kama da rayuwarsu, kamfanoni kuma sun rufe ƙofa. Sai marubuta suka ɗauki rubutunsu suka nufi ƙananan maɗaba'u da kuɗin aljihunsu. Talatu Wada Ahmed ta fito da Rabin Raina a tsakiyar shekarun 1980, Balaraba Ramat Yakubu ta biyo da Budurwar Zuciya da Alhaki Kuykuyo Ne, Ado Ahmad Gidan Dabino ya fitar da In Da So Da Ƙauna a farkon shekarun 1990, Bilkisu Salisu Ahmed Funtuwa ta zama sunan da kowace mai karatu ta sani. Ƙungiyoyi irin su Raina Kama sun koya wa juna hanyar maɗaba'a da hanyar kasuwa, har suna tallata littattafan juna a bayan bango. Abin da ya riƙe wannan harka, wadda masana suka yi ta muhawara a kanta a jaridu tsakanin ɓangaren Ibrahim Malumfashi da na Abdalla Uba Adamu, shi ne sarkar da ta haɗa marubuci da mai karatu. Akwai babban ɗan kasuwa a Kano da ke sarar ɗaruruwan kwafi, akwai dillalin da ke lodawa zuwa Gusau da Maiduguri da Jos har Maraɗi da Damagaram, akwai mai tebur a tasha, akwai mai yawo da littattafai a baro ko a ka, sannan akwai mai shagon haya a unguwa, wanda yarinya ke kai wa 'yan canji ta karɓo wa matar gida littafi na kwana ɗaya ko biyu. Mai hayan nan shi ne ɗakin karatun talaka, kuma shi ne tabbataccen mai saye na wancan zamani, domin duk sabon littafin da ya fito dole ya ajiye shi ko ya rasa abokan cinikinsa.

Bai kamata a yi wa wannan zamani kwalliyar da ba tasa ba. Littattafai da yawa sun fito ba wanda ya tace su, ƙa'idojin rubutu a hargitse, an yanka labari ɗaya gida uku don a ci kuɗi sau uku. Ɗan kasuwa shi ke da wuƙa da nama, yakan karɓi kaya bashi ya biya a gutsure, wani lokaci ya sayi rubutun ɗungurungum da kuɗi kaɗan ya yi ta bugawa. Da fim ɗin bidiyo ya buɗe, marubuta da dama suka koma can, jarin 'yan kasuwar ma ya bi su. Waya ta zo ta kashe shagon haya, saboda ba wanda zai biya kuɗin kwana ɗaya a kan abin da za a turo masa kyauta. Sannan tsadar takarda ta ƙarasa abin da ya rage. Nijeriya ta gina masana'antun takarda uku, a Jebba da Oku-Iboku da Iwopin, amma babu ɗaya daga cikinsu da ke wadatar da maɗaba'u da farar takardar littafi, don haka takarda da tawada da faranti duk da dala ake shigo da su. Dalar da gwamnati ke sayarwa kimanin naira 460 kafin Yunin 2023 ta haura naira 1,500 a farkon 2024, ga kuɗin man janareto da ya ninka bayan cire tallafi. Marubucin da zai zuba kuɗinsa ya buga kwafi 1,000 a wannan yanayi, ba tare da ya san wanda zai ɗauki ko 100 ba, caca yake yi da abincin iyalinsa.

Duk da haka akwai wani ɓangare na kasuwar littafi da bai durƙushe ba, kuma masu cewa an daina karatu ba sa son a ambace shi. A shiga layin 'yan littattafai na Kasuwar Kurmi, ko a tsaya bakin kowane babban masallaci ranar Juma'a. Alƙur'ani yana fita, Ƙawa'idi da Ahalari da Ishmawi da Iziyya da Risala suna fita, Arba'una Hadisi da littattafan addu'o'i da na koyon Larabci na Islamiyya suna fita, waɗanda aka buga a Kano da waɗanda aka shigo da su daga Alƙahira da Bairut. Duk waɗannan littattafai suna cikin intanet kyauta, tsadar takardar da ta sami mai buga hikaya ita ta sami mai buga su, talaucin da ke aljihun mai sayen wancan shi ne a aljihun mai sayen wannan. Bambancin ɗaya ne. Kowace shekara akwai sababbin ɗalibai da malam zai ce su zo da littafi kaza, kowane da nasa, wanda zai riƙe a gaban malam ya yi masa ɗoriya a gefe. Mai shago ya san da zuwansu, saboda haka yana sarowa ba fargaba, mai maɗaba'a yana bugawa ba fargaba. Za a iya cewa addini daban ne, mutum yakan matsa wa kansa don lahira. Haka ne, amma littattafan Hausa da hukumomin jarrabawa ke sanyawa a manhaja su ma suna fita, babu kuma wanda ke sayensu don neman lada. Duk inda aka sami mai saye da ke dawowa shekara bayan shekara, littafin takarda yana nan da ransa.

Babbar sukar da za a yi wa wannan ra'ayi ita ce, me ya sa za a damu da takarda tun da waya ta wadatar? Sukar tana da ƙarfi, bai kamata a raina ta ba. Waya ta buɗe wa matan da ba su da jari ko izinin zirga-zirga ƙofar da maɗaba'a ba ta taɓa buɗe musu ba. Yarinya a ƙauye tana iya rubutu da dare, da safe a karanta shi a Kumasi da Jidda, kuɗinta ya shigo asusunta ba dillali a tsakani. Gasar Hikayata da BBC Hausa ta fara a 2016 ta nuna irin zaratan marubutan da ke fitowa daga wannan duniya. Ba mai hankalin da zai ce a koma baya. Amma waya hanyar rarrabawa ce, ba rumbun ajiya ba ce, kuma al'ummar da ta dogara da abin da ke shanye a tsakar gida ba ta da tabbacin abincin baɗi. Manhajar OkadaBooks, inda marubutan Hausa da yawa suka ajiye ayyukansu suna sayarwa, ta rufe a ƙarshen Nuwamban 2023 bayan shekara goma tana aiki. Zauren WhatsApp yana watsewa da zarar an sace wayar mai shi ko an toshe lambarsa. Littattafan kasuwar Kano kuwa, duk da raunin takardarsu, an iya tattara su, har Graham Furniss da abokan aikinsa suka fitar da kundin sunayen ɗaruruwansu da aka buga tsakanin 1987 da 2002, ana kuma iya zuwa ɗakin karatu a ɗauko su a duba. Alhaki Kuykuyo Ne ya kai ga fassarar Ingilishi da wani kamfani a Indiya ya buga a 2012 saboda akwai tsayayyen matani da mai fassara zai ɗora hannu a kai. Wa zai iya tattara labaran da aka rubuta a waya cikin shekara goma da suka wuce, ya ce ga cikakken nassinsu, ga wanda ya rubuta, ga shekarar da aka rubuta? Dokar ɗakin karatu na ƙasa ta 1970 ta wajabta wa mai wallafa ya ajiye kwafi uku na duk abin da ya buga, amma labarin da bai taɓa zama littafi ba ba ya bi ta wannan ƙofa.

Ban da ajiya akwai batun haƙƙi da na inganci. Duk wanda ya saba da rubutun waya ya san gargaɗin da marubuciya kan sa a saman kowane kashi, cewa littafin na kuɗi ne, kada a fitar mata da shi, wani lokaci har da Allah ya isa. Wannan gargaɗi shaida ce ta cewa ba ta da wata kariya sai tsoron Allah na mai karatu. Mutum ɗaya ya biya, ya tura wa hamsin, wani ya kwashe ya karanta a YouTube yana karɓar kuɗin talla. Sabuwar dokar haƙƙin mallaka da aka sa wa hannu a 2023 ta tanadi hanyar neman a sauke aikin da aka sata a intanet, amma matar da ke rubutu a cikin ɗakinta ba ta da lauyan da zai bi mata. Sannan rubutun da ake saki kullum don kada masu karatu su gudu ba ya samun lokacin da za a sake dubansa. Aikin edita, wanda zai ce wannan babi ya yi tsawo, wannan hali bai dace da wannan mutum ba, wannan kalma ba haka ake rubuta ta ba, ba ya samuwa sai inda ake da kamfanin da ke sa ran mayar da kuɗinsa. Hanyar da ta fi dacewa ita ce waya ta zama wurin gwaji, labarin da ya karɓu a can a tace shi a buga shi. Amma ba mai ɗaukar wannan ɗawainiya sai ya san wanda zai sayi bugun farko.

Wasu kan kawo misalin Faransa, inda dokar 1981 ta ƙayyade farashin littafi, ta hana kowane shago yin ragin da ya wuce kashi 5 cikin 100, don kada manyan kantuna su haɗiye ƙanana. Doka ce mai kyau ga masu ita, amma ba ciwonmu take magani ba, domin mai shagon Sabon Gari ba ragin babban kanti ne ya kore shi ba. Misalin da ya fi kusa da matsalarmu na Norway ne. Ƙasa ce mai mutane kimanin miliyan biyar da rabi, ba su kai rabin jihar Kano ba, sun kuma lura tun da wuri cewa harshensu ba zai iya gogayya da Ingilishi a kasuwa ba. Daga 1965 hukumar al'adunsu ta fara sayen sababbin littattafan adabi da aka rubuta cikin harshen ƙasar tana raba wa ɗakunan karatu, shekaru da yawa tana ɗaukar kwafi 1,000 na kowane littafin manya da ya cika sharaɗin inganci. Ba gwamnati ke wallafawa ba, ba ita ke gaya wa marubuci abin da zai rubuta ba. Saye kawai take yi bayan littafi ya fito. A yi lissafin a nan gida. Jihohi bakwai na Arewa maso Yamma suna da ƙananan hukumomi 186. In aka zaɓi sakandare biyar kacal a kowace, aka ba kowace kwafi ɗaya, an sami 930, kusan bugun farko sukutum. In aka yi haka ga littattafai hamsin a shekara, ba a kai kwafi 50,000 ba, kuɗin da jihohin nan bakwai za su raba bai kai na motocin ayarin gwamna ɗaya ba. Ba ma sai an ƙirƙiro sabon asusu ba. Dokar UBEC ta 2004 ta ware kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigar tarayya don ilimin matakin farko, a ciki akwai kason kayan koyarwa, TETFund kuma tana da kason ɗakunan karatu na manyan makarantu, waɗanda da yawansu ke da sashen Hausa.

Sharaɗi mafi muhimmanci shi ne sayen ya bi ta hannun shagunan littattafai na garuruwan da makarantun suke, ba ta hannun ɗan kwangila daga babban birni ba. In ma'aikata ta sayi kaya kai tsaye daga maɗaba'a ta loda a mota, marubuci zai samu, amma sarkar da ta tsinke ba za ta ɗinku ba. In kuwa shugaban makaranta ya riƙe takardar izinin saye ya je shagon garinsu, mai shagon ya sami dalilin ajiye littafin Hausa a kanta, kuma kwafin da ya rage zai sami wanda zai gan shi ya saya. Shago yana yin aikin da waya ba ta yi, yana nuna wa mutum littafin da bai zo nema ba. A halin yanzu wurin da ya maye gurbin shago shi ne bikin ƙaddamarwa, kuma ba abin da ya fi shi cutar da littafi. A kama zaure, a gayyato mai kuɗi da mai mulki, babban mai ƙaddamarwa ya yi alkawarin miliyoyi kan kwafi goma, a ci a sha a watse. Bayan wata ɗaya a nemi littafin a kowane shago a rasa. Marubucin da ya saba da wannan hanya ba ya rubutu don mai karatu, yana rubutu ne don wanda zai zauna a kujerar gaba, shi ya sa tarihin rayuwar masu riƙe da muƙami ya fi kowane nau'in littafi yawa a waɗannan bukukuwa.

Akwai fargaba ta gaskiya game da shigar gwamnati cikin harkar littafi, kuma marubutan Kano sun fi kowa dalilin yin ta. Ba su manta da 2007 ba, lokacin da aka tara littattafan hikaya aka cinna musu wuta a wata makarantar 'yan mata a ƙarƙashin shirin A Daidaita Sahu, da taƙaddamar da ta biyo baya lokacin da hukumar tace fina-finai ta jihar ta nemi marubuta su yi rajista. Wanda ke biya yakan so ya yi iko, ga kuma sanannen halin kwangila, inda littafin ɗan gidan wane zai shiga jeri ko da ba a iya karanta shi. Wannan fargaba dalili ce ta tsara shirin da kyau. Zaɓen littattafai ya kasance a hannun kwamitin malaman sassan Hausa na jami'o'i da kwalejojin ilimi da wakilan marubuta da ma'aikatan ɗakunan karatu, ana sauya su lokaci-lokaci, a buga jerin abin da aka zaɓa da farashinsa a jarida kowa ya gani. Littafin da ba a zaɓa ba ba a hana shi shiga kasuwa ba, abin da ya rasa kawai shi ne wannan ciniki. Ga masu cewa littattafan soyayya ba su cancanci kuɗin jama'a ba kuwa, sayen da ke da sharaɗin inganci shi ne kaɗai abin da zai sa marubuci ya nemi edita, ya kuma sa wani ya yi ƙarfin halin rubuta littafin yara ko na kimiyya ko tarihin garinsu da Hausa, nau'o'in da kasuwar titi ba ta taɓa ɗaukar nauyinsu ba. Ƙona littafi bai taɓa gyara rubutun kowa ba.

Saura mai cewa ana fama da yunwa da rashin tsaro da azuzuwan da ba rufi, wa ke ta littafin hikaya? Amsar tana cikin ajin da ake magana a kai. Yaro ba ya ƙwarewa a karatu da allon bango kaɗai, sai ya sami abin da zai karanta don jin daɗi cikin harshen da yake tunani da shi, kamar yadda waɗanda suka tashi da Magana Jari Ce suka samu. Gina ɗakin karatu a bar shi da kantoci wayam, ko a cika shi da tsofaffin littattafan da aka yi kyauta daga ƙasashen waje waɗanda ba yaron da zai buɗe, shi ne almubazzaranci. Su ma marubuta da mawallafa akwai nasu aikin. Injinan bugu na zamani suna ba da damar fitar da kwafi 100 ko 200 maimakon jibge kuɗi a kan 1,000, ya kamata kowane littafi ya sami lambar ISBN daga ɗakin karatu na ƙasa a kuma kai kwafin ajiya, ƙungiyoyin marubuta su fitar da jerin sababbin littattafai da farashinsu duk shekara don mai shago a Haɗejia ko Yawuri ya san abin da ya fito. Masu makarantu masu zaman kansu da Islamiyyu, waɗanda ke karɓar kuɗin littafi daga iyaye kowane zango, ba sa buƙatar jiran kowa kafin su sa littafin Hausa ɗaya cikin jerin abin da ɗalibi zai karanta. Amma babban matakin na gwamnonin Arewa ne da kwamishinoninsu na ilimi. Kafin a kammala kasafin baɗi, jiha ɗaya ta fara: ta ware kuɗin sayen sababbin littattafan Hausa ga sakandarenta, ta saye su ta hannun shagunan garuruwanta, ta buga lissafin a fili.